Ɗan Sarki a Rigar Samanja: Nazari a Kan Rayuwar Usman Baba Pategi da Makomar Wasan Kwaikwayon Hausa

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba labarin da marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, ya riƙa bayarwa game da kansa, a auna shi da wasan da ya yi suna da shi, sa'an nan a ga abin da wannan awo zai nuna mana game da inda wasan kwaikwayon Hausa ya dosa. An haifi wannan bawan Allah a Patigi ta ƙasar Nufe a shekarar 1942, ya kuma rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

In an lura, yawancin nazarin da muke yi a kan wasan kwaikwayo a makarantunmu ya ta'allaƙa ne a kan wasannin da aka buga a littafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Amma wasannin da suka fi shiga gidajen Hausawa su ne na rediyo da talabijin, waɗanda galibinsu ba a rubuta maganganunsu kalma bayan kalma ba. Akan tsara ƙashin labari ne kurum, a raba wa kowa matsayinsa, kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa daga ka. A irin wannan wasa ɗan wasa shi ne marubuci, shi ne kuma littafin. Saboda haka abin da ya faɗa game da ƙuruciyarsa da sana'arsa ya zama hujjar da manazarci ba zai iya yi ban da ita ba.

Ra'ayin da zan kare a nan shi ne cewa ƙarfin wasan Samanja ya fito ne daga kunnen baƙo, watau kunnen mutumin da ya zo wa Hausa daga waje ya saurare ta da kyau, kuma wannan kunne, da gidan da ya horar da shi, su ne abin da ya fi kamata mu ji tsoron rasawa.

2.0 Labarin Kai a Matsayin Adabi

Bahaushe bai saba zama ya zayyana tarihin kansa ba. Kunya da kawaici sun hana, ga kuma karin maganar da ke cewa yabon kai jahilci. Abin da aka saba shi ne maroƙi ya faɗi asalin mutum a gaban jama'a, ko kuwa ɗan tauri da maharbi da ɗan kokawa su yi wa kansu kirari a fagen da al'ada ta yarda. Shi ya sa fitattun labaran rayuwa na farko da muke da su daga bakin Hausawa tambaya ce ta fito da su. Dorugu ya ba J. F. Schön labarinsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata, aka buga da Ingilishi a 1954. 'Yan wasanmu na rediyo da talabijin su ma wannan hanya suka bi: sai ɗan jarida ya zo ya tambaya sa'an nan su buɗe baki.

Tambayoyin 'yan jarida kuwa kusan kullum uku ne: yaya ka yi ƙuruciya, yaya aka yi ka shiga wannan sana'a, me kuma kake hange a gaba. Wannan ya sa hirar ɗan wasa ta sami zubi da tsari nata na kanta, tamkar yadda tatsuniya take da mabuɗi da marufi. Tun da haka ne, wajibi ne a feɗe ta kamar yadda ake feɗe kowane irin adabi, domin dattijon da ya yi suna yakan dubi ƙuruciyarsa ta tagar abin da ya zama. Yakan tuna abin da ya dace da sunansa na yau, ya tsallake saura, ba don ƙarya ba, sai don haka tunanin ɗan'adam yake aiki. Alal misali, Charlie Chaplin, ɗan wasan ban dariya na Ingila, a tarihin kansa da ya fito a 1964 ya ba da labarin talaucin da ya sha a London yana yaro, masu karatu kuwa nan da nan suka ga asalin fakirin nan mai sanda da ƙatuwar takalma da yake fitowa a matsayinsa. Bayanin ya zauna daram, amma yaran da suka sha irin wannan talauci a London ba su ƙidayuwa, ɗaya ne kurum ya zama Chaplin.

Haka abin yake ga Samanja. Abubuwa biyu ne suka fi fitowa a labarinsa kamar yadda jaridu suka ruwaito daga bakinsa: cewa shi ɗan gidan sarauta ne da ya bar neman gadon sarautar Patigi, da cewa ya yi aikin soja kafin ya kwaikwayi soja. Duka biyun suna da muhimmanci, amma ba su wadatar ba. Dubban mutane sun sa kaki sun tuɓe, ba wanda ya fito da Samanja sai shi.

3.0 Ƙuruciya: Patigi, Ilori da Kaduna

Patigi tana bakin kogin Kwara ta kudu, kusa da inda kogin Kaduna ya faɗa cikinsa, a cikin Jihar Kwara ta yau. Ƙasar Nufe ba baƙuwa ba ce gare mu mutanen Gwandu. A ƙarni na 19 tana cikin ƙasashen yamma na Daular Usmaniyya waɗanda ke bin Gwandu, tare da Ilori da Yawuri. Malam Dendo, wanda 'ya'yansa Usman Zaki da Masaba suka yi sarautar Nufe, daga ƙasar Kabi ya tafi can, kuma Sarkin Gwandu Halilu ya sha sa baki a rigingimun sarautarsu. Ita kuwa Patigi, a 1898 Turawan kamfani suka zaunar da zuriyar tsofaffin sarakunan Nufe a cikinta, bayan yaƙin da suka yi da Bida a 1897. Ashe ke nan Hausa ta daɗe tana shiga ƙasar a matsayin harshen malamai da fatake da manzannin sarakuna, amma harshen gida Nufanci ne.

Abubuwa biyu nake ganin yaro zai ɗauka daga irin wannan gida. Na farko shi ne sanin matsayi. Fada makaranta ce ta girma da ƙanƙanta: wa zai zauna a ina, wa zai faɗi ya yi gaisuwa, wa zai yi magana da ƙarfi, wa zai yi ƙasa da murya, yadda bafade yake fuska biyu, ɗaya ta gaban sarki ɗaya ta gaban talaka. Wanda ya tashi yana kallon wannan ba zai sha wuyar gane bariki ba, domin ita ma tsani ce mai hawa hawa, kowa yana rusuna wa na sama yana daka wa na ƙasa tsawa.

Na biyu shi ne harshe. Usman Baba ya fara karatu a Patigi, ya wuce Midil ta Ilori, garin da Yarabanci ya rinjaya, karatu kuwa da Ingilishi. Daga nan ya tafi Kaduna wurin wani ɗan'uwan iyayensa, ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati kafin ya shiga gidan rediyo. Kaduna kuwa, tun da aka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917 a maimakon Zungeru, gari ne na baƙi: soja, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, da leburori, kowa da irin Hausarsa. Wanda aka haifa cikin harshe yakan ji ma'ana ne kurum, sautin ya wuce shi. Wanda ya koye shi daga baya yakan ji sautin kansa, ya lura da inda Bayarabe yake karya kalma, da inda Bazazzagi ya bambanta da Basakkwace, da yadda direba yake cusa Ingilishi a tsakiyar jimla. Kafin saurayin nan ya sa kaki ya riga ya ratsa harsuna huɗu. A ganina wannan shi ne babban gadon ƙuruciyarsa, ko da yake ba shi ne abin da masu hira suka fi tambayarsa a kai ba.

Maganar barin sarauta kuwa, mun san yadda take a ƙasashenmu: zama ɗan sarki ba ya tabbatar wa mutum gado, akwai masu zaɓe, akwai kuma sauran gidaje. Saboda haka amfanin labarin ga manazarci yana wajen abin da yake faɗa game da darajar sana'ar. A al'adarmu mai ba da dariya ajinsa ɗaya da maroƙi da ɗan kama, ana jin daɗinsa amma ba a son ɗa ya gaje shi. Duk lokacin da Samanja ya tuna wa mai tambaya cewa shi ɗan sarki ne, yana nuna cewa wanda ya kamata a yi wa roƙo ne ya zaɓi ya tsaya a fage don kansa. Ba shi kaɗai ba ne. Alhaji Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda suka yi zamani tare a Kaduna, ya riƙe sarautar Ɗan Iyan Zazzau. Shigar irin waɗannan mutane masu ilmi da asali ita ta fara wanke wasan kwaikwayo a idon dattawa.

4.0 Bariki da Harshenta

An kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962. Usman Baba ya bar aiki a nan ya shiga soja a shekarun 1960, aka horar da shi a sashen sadarwa na soja da ke Apapa a Ikko. Wasan Samanja Mazan Fama ya fara fita daga Kaduna a farkon shekarun 1970, watau jim kaɗan bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Sai an tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin za a gane dalilin karɓuwar wasan. Kafin yaƙi sojan Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙi sun kai wajen 250,000. Barikokin da ake da su ba su ɗauke su ba, sai da yawansu suka kama haya a cikin gari, suna cin kasuwa ɗaya da farar hula, suna shiga mota ɗaya, gwamnati kuma ta soja ce. Talaka yana ganin soja kullum, yana tsoronsa, bai kuwa san yadda yake zaune da iyalinsa ba. Wasan Samanja ya buɗe masa ƙofar bariki ya leƙa.

Zaɓen muƙamin samanja shi kansa gwaninta ce. Sunan kalmar aro ce daga Ingilishi, kamar kofur da saje da kurtu da fareti da gadirum. Mai wannan muƙami shi ne ƙololuwar ƙananan soja, amma yana ƙarƙashin hafsoshi. A filin fareti shi ne dodo, kurtu na jin muryarsa jiki na rawa. A gaban hafsa kuwa, ko da sa'an ɗansa ne, dole ya ƙame ya sara. In ya koma gida ya tarar da duniyar da ba ta san oda ba. Mutum ɗaya, fuska uku. Daga nan yawancin dariyar take tasowa: tsawar da ta yi aiki a fili ita ce take zama abin dariya a tsakar gida, domin an kai ta inda ba a sayenta. Wanda ya tashi a fada ya riga ya san irin wannan mutum, domin bafade ne aka sa wa kaki.

Soja mai cika baki tsohon tauraro ne a adabin duniya. Plautus na Rum ya yi wasa a kansa wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, a tatsuniyoyinmu kuma ga kura, mai ƙarfi da kurari wadda Gizo yake juyawa yadda ya so. Sai dai waɗannan ana yi musu dariya ne don a rena su. Samanja kuwa ana yi masa dariya ana kuma ƙaunarsa, domin a ƙarƙashin hargowar akwai mutum mai son tsari, mai kishin aikinsa, wanda yaransa suke nauyi a wuyansa.

Babban abin da ya ɗauki wasan shi ne harshe. Tun zamanin rundunar da Turawa suka kafa a Afirka ta Yamma, Hausa ce harshen da ya haɗa ƙananan soja, ko da yawancinsu ba Hausawa ba ne. Mu a wannan jiha shaida ne, domin ƙasar Zuru ta daɗe da yin suna wajen ba da soja. Daga wannan cakuɗa aka sami abin da ake kira Barikanci, wanda yake da alamomi sanannu: ba a rarrabe jinsin namiji da tamace, har a ce "matana ya zo" a maimakon "matata ta zo", haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k, tsawon wasali da karin sauti sukan baje, kalmomin umurni kuwa na Ingilishi ne da aka tanƙwara. Samanja ya ɗauki wannan harshe, yana tsalle daga Hausa zuwa Turancin buroka ya komo, ya mai da shi kayan aikin fasaha.

A nan ne ya kamata a gwada shi da abin da ya tarar. Kwaikwayon Hausar baƙo ba sabon abu ba ne. A wasannin tashe da yara suke farawa daga goma ga watan azumi akwai Macukule, inda ake kwaikwayon Bagwari. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin al'ummu, kamar Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. A cikin waɗannan duka ɗan gida ne yake kwaikwayon baƙo, baƙon kuwa yana gefe, ba shi da bakin ramawa a cikin wasan. Samanja ya juya wannan tsari. Mai karyayyar Hausar shi ne tauraro, shi ke da iko, shi ke yanke hukunci, wanda ya sa rigar kuma shi kansa ba Bahaushe ba ne, ya san abin daga ciki. Mai sauraro Bahaushe yana dariyar lafazin, amma dole ya bi maganar don ya ji yadda za ta kaya. Mai sauraro Badakkare ko Batibi ko Banufe kuwa ya ji irin Hausarsa a gidan rediyon gwamnati, a bakin babban mutum. Ta haka wasan ya tabbatar da abin da masana harshe suka daɗe suna faɗa, cewa Hausa ta fi ƙarfin Hausawa su kaɗai.

5.0 Iyakar Dariya

Tarke ba ya cika sai an faɗi inda aiki ya tsaya. Gidajen da suka watsa wasan na gwamnati ne: a 1977 aka haɗe tashoshin talabijin a ƙarƙashin hukumar NTA, a 1978 kuma rediyon Kaduna ya shiga ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya. Soja ne suka mulki ƙasar daga 1966 zuwa 1979, suka komo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A watan Fabrairu na 1977 soja suka ƙone gidan mawaƙi Fela a Ikko. A 1984 aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin Doka ta 4. Wannan shi ne zamanin da ake dariyar kaki a akwatin talabijin.

Saboda haka dariyar tana da shinge. Tana sauka a kan samanja da kofur da kurtu, a kan halin mutum ɗaya ɗaya, ba ta hawa zuwa tambayar dalilin da ya sa soja suke mulki. Matsayin wasan ya yi kama da na wawan sarki, wanda aka yarda ya faɗi abin da wani ba zai faɗa ba, muddin bai taɓa gadon sarautar ba. Ana iya cewa ma wasan ya yi wa rundunar soja aiki, domin ya sa jama'a sun sake jiki da ita. In aka gwada da Hubert Ogunde, tsohon ɗan sanda da ya koma wasan kwaikwayo, wanda gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a 1964 saboda Yoruba Ronu, za a ga bambancin mai ƙungiyar kansa da ma'aikacin gwamnati. Duk da haka adalci ne a ce, a lokacin da ganin kaki yake sa mutum ya sauya hanya, mai da soja mutum mai kuskure, wanda matarsa take iya kayar da shi a magana, ba ƙaramin abu ba ne.

Iyaka ta biyu ta harshe ce. Da aka ɗauki wasan zuwa tashoshin ƙasa baki ɗaya, sai Turancin buroka ya rinjayi Hausa a cikinsa. An sami ƙarin masu kallo, amma a ganina an yi hasarar wani abu, domin daɗin Barikanci yana fitowa ne in an jera shi da daidaitacciyar Hausa a kunnen da ya san duka biyun. In aka cire ɗaya, saura hargowa da motsin jiki.

6.0 Makoma

In aka zo tambaya ta uku, watau abin da ake hange a gaba, ra'ayin da ya zama ruwan dare a bakin dattawan wannan fage sananne ne: wai yaran yanzu sun bar faɗakarwa sun kama kwaikwayon Indiya, daga soyayya sai rawa da waƙa, kuɗi kuma ya zama alƙibla. Abin da suke nufi shi ne finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, waɗanda aka laƙaba wa suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, har Jihar Kano ta kafa musu hukumar tacewa a 2001.

Akwai gaskiya a wannan kuka, amma ina ganin an saka yatsa a inda ba nan ciwon yake ba. Faɗakarwa ba ta ɓace ba. Da wuya ka kalli fim ɗin Hausa ka rasa malami ko dattijo da zai fito a ƙarshe ya yi nasiha. Wasan Samanja kuwa ba nasiha ce ta sa aka riƙe shi ba, domin wasannin gwamnati masu koyar da tsabta da biyan haraji sun yi yawa, an kuma manta da su. Abubuwa uku ne suka sauya.

Na farko, gidan horo. 'Yan wasan Kaduna da Sakkwato da Kano da Jos ma'aikata ne ko masu alaƙa da tasha, suna haɗuwa mako mako shekara da shekaru, ƙarami yana koyo a gefen babba, mutum ya riƙe tauraro ɗaya har ya san numfashinsa. Haka Kasimu Yero ya gina Karambana, ya kuma fito a matsayin Gaga a cikin Cock Crow at Dawn da aka fara a 1980, tare da Sadiq Daba a matsayin Bitrus. Haka kuma Yazi Dogo, malamin makaranta mutumin Dogondutsi, maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, ya yi da ƙungiyarsa a Jamhuriyar Nijar. Tsuke bakin aljihu da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya raunana tashoshin gwamnati, wannan makaranta ta watse, ba a kuwa gina wata a gurbinta ba.

Na biyu, rediyo yana horar da kunne, kyamara tana neman fuska. Wanda ya koyi wasa a gaban makirufo ba shi da abin dogara sai murya, dole ya san yadda mahauci yake magana da yadda alƙali yake yi. Yau ana iya zama tauraro ta wayar hannu, a YouTube ko TikTok, ba tare da an taɓa zama an saurari kowa ba.

Na uku, kwaikwayon baƙo ya fi komawa gidansa na jiya. A finafinan ban dariya da yawa akan fito da Bagwari ko Bayarabe ko Ibo don a yi dariyar bakinsa kurum, watau an koma Macukule, an bar darasin Samanja. Ba a rasa masu baiwa ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi ma tsohon ma'aikacin gidan yari ne da ya tuɓe kaki ya shiga wasa, kunnensa kuwa mai kaifi ne. Amma kasuwar da ke neman sabon fim kowane mako ba ta ba irinsa damar zama a kan tauraro ɗaya ya nuna ba. Alamar fata tana wajen dogayen wasanni masu fita mako mako, kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, inda aka ƙago gari mai ƙabilu da addinai dabam dabam, kowa da muryarsa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa labarin da ɗan wasa yake bayarwa game da kansa adabi ne mai bukatar tacewa, kuma in an tace na Usman Baba Pategi za a ga cewa fada ta ba shi sanin matsayi, yawo tsakanin harsuna ya ba shi kunne, bariki ta ba shi fage, gidan rediyo kuma ya ba shi horo da shinge gaba ɗaya. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Samanja a 2023. Tun da wasanninsu ba a rubuce suke ba, kowane ɗaya ya tafi da abin da ba mai iya maimaitawa. Don haka nake ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da ke wajen Kalgo, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, su haɗa kai su nemi izinin kwafe abin da ya rage na tsofaffin faya-fayen wasanni a tashoshin Kaduna da Sakkwato, a juye su a na'urorin zamani, a kuma rubuta su yadda aka faɗe su, ba tare da an gyara Barikanci ko Sakkwatanci ya koma daidaitacciyar Hausa ba.

Na biyu, a tura ɗalibai su yi hira da 'yan wasan da suka rage, da tambayoyin da suka wuce ukun nan na 'yan jarida: wa ka saurara kafin ka sami wannan murya, yaya kuke tsara wasa kafin a ɗauka, me aka taɓa hana ku faɗa.

Na uku, a mai da aikata wasa wani ɓangare na darasin wasan kwaikwayo a kwalejojin ilmi, a fara kuma da abin da ke ƙofar gida. Jihar Kabi mahaɗa ce ta Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci da Kambarci. Yaran da suke tashe a Malisa da Kambaza da Dalijan suna tashi ne a cikin irin cakuɗar da ta yi Samanja. Malamin da muka horar shi ne zai fara ganin mai baiwa a cikinsu, shi ne kuma zai koya masa bambancin kwaikwayon mutum don a rena shi da kwaikwayonsa don a san shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.